Ruwan Gida Mai Lamba Ashirin da Bakwai

Wendell Strommen ya shekara goma sha huɗu yana riƙe da makullan unguwar Mesquite Bend, kuma ko ɗaya bai taɓa salwanta a hannunsa ba. Guda arba'in da ɗaya ne, a zoben baƙin ƙarfe da ya ƙera da kansa, yana rataye a ƙugunsa na dama. Ba ya duba lambar da aka buga a jikinsu. Da yatsa yake gane kowanne, kuma kafin ya isa bakin ƙofa makullinta ya riga ya shiga hannunsa.

A gonar alkama aka haife shi, can North Dakota, inda sanyi ke tsaga leɓe. Yana da shekara goma sha uku injin sussuka ya cinye hannun mahaifinsa, sai ya bar makaranta ya kama noma. Da aka sayar da gonar, ya shiga garejin gyaran motocin ɗaukar 'yan makaranta, ya yi shekara talatin da uku a ƙarƙashinsu. Yakan ce babu motar da ta fita daga hannunsa ta tsaya da 'ya'yan mutane a hanya, kuma waɗanda suka san shi sun san ba cika baki ba ne. Da ƙirji ya soma ba matarsa Norma wahala, likita ya ce ta nemi ƙasa mai busasshiyar iska. Suka sayar da gida suka gangaro kudancin Arizona, suka sauka a wannan unguwa da ba a yarda kowa ya zauna ba sai ya kai shekara hamsin da biyar. Shekara shida Norma ta ƙara a duniya.

Bayan an binne ta, Wendell ya yi wata huɗu zaune a rumfar mota yana kallon titi, ba aski, ba amsa gaisuwa sai da kai. Wata safiya wani maƙwabcinsa ɗan Kanada da zai koma gida ya tsaya, ya ajiye masa makulli a cinya, ya ce ya riƙa leƙa masa gidan. Washegari Wendell ya yi aski. Daga wannan makulli ɗaya aka kai arba'in da ɗaya, domin rabin gidajen unguwar na masu gudun sanyi ne, waɗanda ke zuwa a Nuwamba su koma a Afrilu. Wanda tsufa ko ciwo ya hana shi zuwa, sai Wendell ya ba da gidansa haya ga wani tsohon. 'Ya'ya ba su da su, shi da Norma. Abin da ke tashinsa da safe shi ne zoben nan, ba wani abu ba.

Kwamitin unguwa yana da sharaɗi guda a kan mai riƙe da makullai, kuma kowa ya san shi: ranar da aka tarar da mutum a cikin gidan da ya ce babu kowa, ranar zai ajiye zoben. An taɓa yi wa wanda ya gabace shi haka, saboda ya bar ɗan ƙanwarsa ya kwana biyu a wani rufaffen gida. Wendell bai taɓa jin tsoron sharaɗin ba, don yana da tsarinsa. A bakin ƙofarsa akwai akwatin ƙarfe mai tsaga. Wanda zai tafi sai ya jefa makulli a ciki, Wendell ya raka shi har bakin mota su yi musabaha. Sannan ya rufe gidan. Ya toshe ruwa daga babban kan famfo na bakin titi da dogon ƙarfensa, ya sauke wuta, ya buɗe firji, ya lulluɓe masai da leda, ya ja labule. A ƙarshe ya jera bokiti shida cike da ruwa a ɗakuna, saboda iskar bazarar wannan ƙasa tana busar da katako har ƙafar tebur ta tsage, sai tururin ruwan ya tare ta. Kowace Talata yakan bi gidajen da sandar awo da jarkoki yana cika abin da iska ta sha.

Abu ɗaya ne ba ya yi a gidan mutane, kuma da shi yake alfahari fiye da komai: ba ya buɗe kabad, ba ya jan durowa. Yakan ce an ba shi amanar ƙofa ne, ba amanar kamfai ba.

A watan Maris na shekarar annoba, labari ya zo cewa za a rufe iyaka, kowa ya koma ƙasarsa. Misis Arlene Pruitt, shugabar kwamiti, wadda ta yi shekaru tana aikin ofishin lauya kuma take son takarda kamar ranta, ta manna sanarwa a ƙofar zauren taro. Ba baƙo, ba sabon ɗan haya. Wanda wa'adin hayarsa ya cika ya tafi. Gidan da aka fita daga cikinsa kada a shiga sai bayan kwana uku, ko cutar ta mutu a ciki. Kada kuma kowa ya kusanci kowa, a bar taku shida a tsakani.

Don haka a wannan shekara Wendell bai raka kowa bakin mota ba. A bayan gilashin tagarsa ya tsaya kwana uku, yana jin makullai suna faɗawa akwati ɗaya bayan ɗaya, motoci suna wucewa cike da kaya, hannuwa suna ɗagowa ta taga. A cikin waɗanda suka jefa makulli akwai Armand Gauthier, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa daga Manitoba ta Kanada, ɗan shekara tamanin da huɗu, wanda ke hayar gida mai lamba ashirin da bakwai tun Nuwamba. Mutum ne mai surutu, mai hular ulu ko da rana ta take, wanda ya shahara da satar kallon katin abokin wasa. Daga tsakiyar titi ya ɗaga murya.

"Kyaftin! Na samu masu rage mini hanya har Winnipeg. Ka shayar mini da bishiyar lemon nan, ka ji? Ta fi matan unguwar nan zaƙi."

Ya jefa makulli, ya sara masa kamar soja, ya juya.

Bayan kwana uku Wendell ya shiga gidan. An yaye zanin gado, an share ɗakin girki, babu takalmi a bakin ƙofa. Ya yi abin da ya saba, ya jera bokitansa shida, ya kulle.

Unguwa ta mutu a tsaye. 'Yan motocin batir da tsofaffi ke yawo da su suka koma ƙarƙashin farin tamfol, a jere a rumfuna kamar gawarwakin da ke jiran a zo a ɗauka. An kewaye wurin ninkaya da sarƙa. Lemo ya nuna a bishiyoyi, babu mai tsinka, yana faɗuwa yana ruɓewa, ƙudaje suna biki. Da rana tsaka ba ka jin komai sai kukan kurciyoyi da ƙarar makullan Wendell, har shi kansa ya soma dafe zoben da hannu in yana tafiya, don ƙarar ta yi yawa a wurin da babu mai ji. Waɗanda suka rage, kamar mutum talatin, kowa na bayan labulensa. Wani lokaci yakan ga labule ya motsa, ya ɗaga hannu, ba a amsa ba.

Mutum ɗaya ce ba ta shiga ɗaki ba: Bernadine Kuchar, 'yar shekara tamanin da biyu, wadda ta yi rayuwarta tana sayar da giya a Ohio. Kullum tana rumfarta da madubin hangen nesa, wai tana kallon tsuntsaye, takunkumi a haɓa, taba a baki.

"Sarkin Makullai!" in ji ta kowace Talata. "Za ka shayar da talakawanka? Gaishe mini da kujeru."

"Ja takunkumin nan sama, Bernie."

"Ta ina zan sha tabar? Ta kunne?"

A Talata ta uku ne Wendell ya lura da ruwan. Ya san shan iska kamar yadda ya san sunansa: a Afrilu yatsa biyu a mako, a Yuni yatsa huɗu. Gidaje arba'in suka ba shi yatsa biyu. Gida mai lamba ashirin da bakwai ya ba shi biyar, kuma ba a bokiti ɗaya ba, a duka shidan, daidai wa daida, kamar an auna. Ya ɗaga kowanne ya shafa gindinsa. A bushe. Ya duba tagogi, duk a rufe. Ya tsaya tsakiyar falo yana saurare, bai ji komai ba sai bugun zuciyarsa. Ya cika su ya fita.

Mako na gaba ya kawo sababbin bokitai daga rumbunsa, ya ce ko tsofaffin ne ke tsattsafo ta inda ido ba ya gani. Da ya dawo Talata, yatsa bakwai.

Ruwa ba ya tsami banza. Ya zagaya bayan gidan yana neman sawun dabba, ko ɓera ko kyanwar daji, bai ga komai ba. Amma ya ga wani abu da ya tsayar da shi. A ƙarƙashin kowace bishiya ta unguwar lemo ne zube yana ruɓa. A ƙarƙashin wannan, ƙasa tas, kamar an share.

Ya tsallaka titi, ya tsaya taku shida daga rumfar Bernadine.

"Bernie, kina ganin wani yana shiga ashirin da bakwai?"

"Ina ganinka. Kai wani ne?"

"Ba wasa nake ba. Ruwan gidan yana raguwa."

Ta cire tabar daga baki ta dube shi. "To, a gidan ne fa Lloyd Gunderson ya mutu, shekara huɗu ke nan. A banɗaki. Amma in Lloyd ne ya dawo, ka bar batun ruwa. Mutumin nan tun da na san shi bai taɓa shan ruwa ba sai da abin da ya fi ruwa a ciki."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da tarin ya lafa sai ta juya madubin a hannunta.

"Shekaranjiya da hantsi," in ji ta, muryarta ta sauka, "na ji tari daga can. Na ce nawa ne ya je ya buga bango ya dawo. Kada ka gaya wa Arlene, Wendell. Za ta ce na fara ruɗewa ta kira 'yata."

"Ba zan gaya mata ba."

Ba don Bernadine kaɗai ya yi shiru ba, kuma ya san haka. In ya buɗe baki a kan gidan, ya buɗe baki a kan zobensa.

Daga nan Talata ta zama masa ranar nauyi. Sai ya bar ashirin da bakwai a ƙarshe, ya tsaya a ƙofar yana juya makulli a hannu kafin ya shiga. Gidan da aka rufe yana da warinsa, na ƙura da katako mai zafi. Wannan yana da wani abu a ƙarƙashin warin, kamar na rigar da aka daɗe ba a wanke ba, kamar na gwangwanin kifi. Wata rana ya dafa kujerar falo zai sunkuya, ya ji matashinta a lotse, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Wata rana kuma ya tarar ledar da ya lulluɓe masai da ita tana nan daram, amma ɗaurinta ba irin nasa ba ne. Shi ta hagu yake naɗewa.

A ɗakin kwana akwai babban kabad na katako mai ƙofa biyu, kuma bokiti na shida a gabansa yake. Nan ne Wendell ya fi sauri. Yana zuba ruwa yana ji kamar ana kallonsa ta tsagar ƙofar. Sau ɗaya har ya miƙa hannu ya taɓa marikin. Sai ya tuna kayan matar marigayi Gunderson ne a ciki, rigunanta da takalmanta, kuma shekara goma sha huɗu bai taɓa yin haka ba. Ya sauke hannun. Ya gaya wa kansa cewa amana ce ta hana shi. A kan hanyar gida ya yarda cewa tsoro ma ya sa hannu.

Watan Mayu ya shigo da wutarsa. Ma'aunin zafi ya haura ɗari a awon Amurka kafin azahar, ƙarfen ƙofa ya daina taɓuwa da hannu. Ranar wata Juma'a da hantsi, Wendell yana wanke jarkoki, wayarsa ta yi ƙara da lambar Kanada.

"Mista Strommen? Denis Gauthier ke magana, ɗan Armand. Ka yi haƙuri na dame ka. Kwana tara ke nan wayar babana ba ta shiga. Don Allah ka leƙa shi."

Wendell ya rufe famfo. "In leƙa shi a ina?"

"A gidansa mana. Ashirin da bakwai, ko ba haka ba? Ya ce mini ka ƙara masa wa'adi har kaka, wai kai ne ma kake kai masa ruwa duk Talata."

Wendell bai san lokacin da ya ajiye wayar ba. Bai ɗauki jarka ba, bai ɗauki sandar awo ba. Ya ɗauki dogon ƙarfen buɗe ruwa kawai, ya fita cikin rana.

"Yau ba Talata ba ce, Sarki!" Bernadine ta kira shi. Da ta ga fuskarsa sai ta kashe tabar.

Zafin da ya tarye shi a cikin gidan irin na tanderu ne. Wannan karon ba a shirya wa zuwansa ba. Akwai bargo a kan kujera, ɓawon lemo a faranti, gwangwanaye a jere a kan tebur, an wanke kowanne an kife. An shimfiɗa kati a kan teburin, wasan mutum ɗaya, an bar shi a rabi. Bokitan falo sun kusa kai ƙasa.

Ya nufi ɗakin kwana. Ƙofar kabad ɗin a buɗe take. An ture rigunan matar Gunderson gefe guda, kuma a ƙasa, tsakanin takalmanta, akwai 'yar kujerar roba da matashi a kai, da akwatin tafiya a jingine. Wendell ya tsaya yana kallon kujerar. Taku ɗaya ne tsakaninta da inda yake durƙusawa ya zuba ruwa.

"Kyaftin," in ji wata murya daga banɗaki, siririya kamar ta kaza. "Ka yi kuskuren rana."

Armand Gauthier yana kwance a cikin bahon wanka, babu ruwa a ciki, daga shi sai gajeren wando da hular ulu. Ya jiƙa tawul ya ɗora a ƙirji, tawul ɗin ya riga ya bushe. Haƙarƙarinsa a fili, leɓensa ya tsattsage. Wendell ya ɗebo ruwa da kofi ya tallafi kansa, ya manta da taku shida, ya manta da takunkumi. Tsohon ya sha a hankali, ya lumshe ido.

"Nan ya fi ko'ina sanyi," in ji shi. "Lloyd ma ya san haka, an ce."

"Mako takwas, Armand. Mako takwas kana zaune a cikin kabad kana kallona."

"Minti goma sha ɗaya ne kawai a mako. Agogo ma ya sallama maka. Sau ɗaya ka taɓa marikin, na ce shi ke nan. Sai ka tuna kai mutumin kirki ne." Ya yi ƙoƙarin dariya, bai samu ba. "Kuma kana waƙa in kana zuba ruwa. Ba ka iya ba."

"Me ya sa? Kana da ƙasa, kana da ɗa."

"Ɗana ya sama mini ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Ya biya, ya sa hannu, ana jirana tun Afrilu. Ka san abin da ke faruwa a irin gidajen nan bana? Abokina Réal yana can. Yana can ne, ko ya kasance can, ban sani ba, sun daina ɗaga waya. A kulle ka a ɗaki, a turo maka abinci da ƙafa, kana jin ana fitar da na kusa da kai. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, Kyaftin, ya fi wutar zafi. Nan ma a kulle nake, amma ni na kulle kaina."

"Da ka gaya mini."

"Da ka karanta mini takardar Arlene."



Armand ya kama hannun rigar Wendell. Ya ce ta ƙofar baya da ya bari a buɗe ya koma gidan a daren da ya jefa makulli. Ya ce yakan ɗaga wuta minti goma don cajin waya, har ƙarfin zuwa wurin mitar wutar ya gagare shi. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa bai taɓa kunnawa ba, don injinta yana waje, kuma a shirun unguwar nan har ƙofar shiga za a ji ta.

"Ka saurare ni," in ji shi. "Ba sai kowa ya sani ba. Ka ja ƙofa ka tafi. Ranar Talata ka ƙara bokiti biyu, da ɗan burodi in ka ga dama. Ni in zauna, kai ka riƙe makullanka. Na san abin da suke a wurinka, duk unguwar nan ta sani."

Wendell ya zauna a bakin bahon. Zoben ya bugi jikin bahon ya yi ƙara. Ya yi tunanin abin da gaske, ba zai ce bai yi ba. Burodi ba wuya ba ne, ruwa ba wuya ba ne, Bernadine kuma ba za ta yi magana ba. Amma ya san wannan ƙasa. Mayu ne yanzu, ruwa na sauka yatsa uku. Yuni na tafe, da Yuli a bayanta, lokacin da kyandir ke narkewa a cikin rufaffen gida ya kwanta a kan tebur. Ba ƙishi ne zai kashe mutumin nan ba, zafi ne, kuma zafi ba shi da magani sai na'urar da ba ta iya yin shiru.

Ya tashi.

"Kyaftin. Wendell. Kada ka yi."

Ya fita bakin titi, ya cusa ƙarfen ya murɗa, ya ji ruwa ya ruga cikin bututu yana kakari. Ya zagaya ya ɗaga wuta. Ya koma ciki ya murɗa na'urar har ƙarshe. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama ruri.

A wata biyu ba a ji ƙara irin wannan a layin ba. Kurciyoyi suka tashi. Wendell ya kira motar asibiti, ya kira Denis, sannan ya fito ya tsaya a ƙofa. Labule ya motsa a can, wani ya motsa a nan. Ƙofofi suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi suka fito da takunkumi, kowa ya tsaya a bakin rumfarsa, nesa da ɗan'uwansa. Ba ka ganin komai a fuskokinsu sai idanu. Bernadine ce kawai ta tsallako da gorar ruwan sanyi.

"Matsa, tsohon banza," ta ce wa Wendell, ta leƙa ciki. "Armand Gauthier! Ashe kai ne fatalwar? Na ɗauka Lloyd ne, har na fara jin daɗi."

Ma'aikatan asibiti suka ƙara wa Armand ruwa a falon, suka so tafiya da shi, ya ƙi, ya sa hannu a takardarsu. Kwamiti ya zauna ta waya a yammacin ranar. Aka daɗe ana muhawara a kan korarsa, amma da aka zo tambayar wanda zai je ya fito da shi, ba a samu kowa ba. Aka bar shi a gidan har kaka, matar Gunderson mai gidan ta yarda, Denis ma ya haƙura. Batun zobe kuwa ba a yi muhawara a kai ba. Sharaɗi sharaɗi ne, kuma Wendell bai roƙa ba.

Washegari da safe aka kafa tebur a gaban zauren taro. Misis Pruitt tana tsaye a bayansa da safar hannu da kwalbar feshin magani, wasu 'yan kwamiti biyu a gefenta, kowa a nesa. Wendell ya zo da rigar da aka goge. Ya kwance zoben ya ajiye a tsakiyar tebur, ya ja da baya taku shida.

"Ba da son raina ba ne, Mista Strommen," in ji ta. "Ka sani."

"Na sani, Misis Pruitt. Ke ba ki rubuta abin da ban karanta ba."

Ta fesa wa makullan magani har suka jiƙe. Ta gyara takunkuminta, ta dubi takardar hannunta.

"Saura abu ɗaya da zan cike a nan. Sauran gidaje arba'in ɗin. Ka tabbatar babu kowa a cikinsu?"

Wendell ya juya ya dubi layin. Gidajen suna jere hagu da dama har ƙarshen gani, farare, labule a ja, rana tana dukan rufinsu. A kwana ukun nan na Maris makulli talatin da uku ne suka faɗa akwatinsa, kuma ba kowane mai shi ya gani ya shiga mota ba.

"Shekaranjiya da kin tambaye ni, da na rantse miki," in ji shi. "Yau abin da zan iya ce miki shi ne ban taɓa buɗe kabad ɗin kowa ba."

Misis Pruitt ta dubi na damanta, na daman ya dubi na hagun. Su ukun suka juya suka kalli layin tare. Alƙalamin yana hannunta, ba ta rubuta komai ba, kuma a cikinsu babu wanda ya miƙa hannu ya ɗauki makullan.